Aron Fatsuma

A Highbridge, unguwarmu ta Bronx a Amurka, da zarar Janairu ya kama, maza ba su da wani zance sai na haraji. A bakin masallaci, a shagon aski, a layin 'yan tasi, tambayar ɗaya ce: wa ke da yara, wa ba shi da su. Dalili kuwa, gwamnatin ƙasar nan tana maido wa mai ƙaramin albashi kuɗi masu ɗan kauri idan yana da yara a hannunsa, har guda biyu. Mutanenmu, da ba a raba su da dabara, sai suka ƙirƙiro aron yara. Mai 'ya'ya da yawa ya ba wani lambar katin shaidar gwamnati na ɗayansu, wancan ya rubuta cewa ɗan riƙonsa ne, in kuɗi sun fito a raba. Ba a ɓoye ake yi ba. Da kunnena na ji wani dattijo yana tambayar abokinsa ko yana da ragowar yaro bana, kamar mai neman aron tsani.

Ni kitso nake yi a titin 125, ba malama ba ce. Amma abin da aka yi wa Nimatu a hawa na huɗu na gininmu, ƙofarta na kallon tawa, ya tsaya mini a wuya, kuma ba zan haɗiye shi ba.

Nimatu 'yar zangon Kumasi ce. Mijinta Inusah ya rasu a hatsarin tasi, ya bar ta da 'ya ɗaya, Fatsuma, mai shekara bakwai. Su biyun suna kwana a falon wan mijin, Alhaji Kassim, kan katifar da ake naɗewa kafin masu gida su fito. Da rana tana kula da wata tsohuwa a Manhattan, aiki mai takarda, ana yanke mata haraji a kowane albashi. Sai dai takardun gidan gaba ɗaya, har da ta haihuwar yarinyar da katinta, suna cikin jakar Alhaji, shi kuma makullin jakar yana aljihunsa. A bara ya ba da aron Fatsuma, a takarda kawai, ga abokinsa Sumani, wani direba da ke zaune a Park Hill, can tsallaken ruwa a Staten Island. Uwar ba ta ji ba sai bayan an gama. Rabon da ya iso gare ta rigar sanyi ce ja, da aka saya wa yarinyar.

A satin farko na shekarar 1998, da safe Nimatu tana ɗaura wa Fatsuma takalmi, Alhaji ya fito da carbi a hannu.

"Nimatu, haɗa wa yarinyar nan kayanta. Za ta je gidan Sumani ta kwana biyu."

"Lafiya, Alhaji?"

"Lafiya lau. Mutanen haraji ne suka rubuto masa, wai ya kawo shaidar cewa yarinya tana gidansa. A sa ta a makarantar can, a karɓo takarda, ta dawo. Ba wani abu ba ne koraa, ko kaɗan."

"Amma ai ba a gidansa take ba."

"To shi ya sa za ta je ta kasance."

Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, ai shi ma yana da yara biyar, ga Sadick da ya girmi Fatsuma, me zai hana a tura shi. Alhaji ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce ba sunan Sadick ke wurin gwamnati ba. Ya ce ita kanta a hannun wa ta tashi, ba goggonta ce ta riƙe ta ba, ta mutu ne? Ya ce riƙo al'adarmu ce tun kaka da kakanni, kuma yarinyar jinin ƙanensa ce, yana da iko da ita ko a gaban alƙali. Kafin azahar Sumani ya zo da motarsa. Ina tsaye a bakin ƙofata na ga yarinyar tana sauka da jakar leda, tana ta waiwaye, uwar tana ce mata, "Je ki, kwana biyu ne."

Kwana biyun nan ya cinye Janairu, ya shiga Fabrairu. Nimatu ta koma kamar wadda aka zuba wa ƙaiƙayi a riga. Ba ta iya zama. Ta shigo ɗakina, ta zauna a bakin gado, ta miƙe, ta leƙa taga, ta ce bari ta ari wayata, domin ta gidan Alhaji an sa mata kwaɗo. Ta buga Park Hill, Yaa matar Sumani ta ɗauka ta ce yarinya tana wanka. Ta sake bugawa, an ce tana aikin makaranta. In an yi sa'a an ba ta, sai ka ji uwar tana zuba Hausa, "Kin ci abinci? Wa ya yi miki kitso? Kina sa safa?" Daga can kuma amsa ta zo a gajarce da Turanci, irin na yaran nan da suke jin harshenmu amma ba su maidowa.

Ranar hutunta ɗaya ce a sati, Lahadi. Zuwa Park Hill kuwa sai ka hau jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ka shiga jirgin ruwa, ka sauka ka nemi bas. Ranar da ta fara zuwa ta dawo idonta ja. Ta tarar da Fatsuma goye da jaririn Yaa, zanin goyon ya zagaye ta kusan sau biyu don ƙanƙantarta, tana jijjiga shi a gaban talabijin. Kanta duk ya cukurkuɗe. Da ta yi magana, Yaa ta yi dariya ta ce, "Haba Maman Fatsuma, ai tarbiyya ce. Mu ma haka aka yi mana. Yarinyar tana jin daɗin nan paa, sosai ma."

Alhaji kuwa kullum da sabon dalili. Yau takardar makaranta ba ta fito ba. Gobe ta fito, amma mutanen haraji ba su amsa ba. Jibi ai bai kamata a cire yaro daga makaranta a tsakiyar zango ba, karatunsa zai lalace. Wannan tausayin karatun bai zo masa ba ranar da ya cire ta daga makarantarmu ta nan gangaren titi.

Cikin Maris wata da nake yi wa kitso ta ba ni labarin wani wuri a nan Bronx inda ake cike wa masu ƙaramin ƙarfi takardun haraji kyauta, ranar Asabar, a ɗakin ƙasa na wata coci. Na sa Nimatu ta roƙi rabin yini a wurin aiki, na ja ta. A bakin ƙofar ta toge, wai ita ba ta taɓa shiga coci ba. Na ce mata ba baftisma za a yi miki ba, lissafi ne, wuce mu je.

Ɗakin cike yake da mutane, Sifaniyawa, baƙaƙen Amurka, 'yan Haiti, kowa da ambulan a hannu, yara na ta guje-guje tsakanin kujeru. Da layi ya zo kanmu muka zauna gaban wata doguwar mace mai gilashi. Ta ji muna ƙus-ƙus, sai ta ajiye biro ta ce, "Sannunku da zuwa, 'yan'uwa." Sunanta Elisabet, 'yar Jos, tana aiki a asibiti, ranar Asabar kuma tana ba da lokacinta a nan. Hausarta da ta Nimatu suka ɗan yi karo da farko, suka yi dariya, suka daidaita.

Elisabet ta duba takardar albashin Nimatu, ta ce, "Kina da yara?"

"Ɗaya."

"Bara a wurinki ta zauna?"

"A kan katifa ɗaya muke kwana."

"To kina da haƙƙi mai yawa a nan, Maman yarinya. Kuma muna da asusun ajiya. Duk abin da kika ajiye daga cikin kuɗin, cibiyarmu za ta ɗora miki wani a kai, in dai don kama ɗaki ne ko karatu. Mata da yawa da haka suka fita daga falon mutane. Kawo mini katin yarinyar kawai."

Na ga fuskar Nimatu ta buɗe, rabon da in ga haka tun mijinta na da rai. Sai kuma ta rufe. Ta sunkuyar da kai, ta kwashe labarin Sumani ta faɗa. Elisabet ta cire gilashinta ta goge ido. Ta ce ba yau ta fara jin irin wannan ba, amma ɗauke yaro da jikinsa a kai shi wani gida, wannan kam sabo ne a kunnenta. Ta ce a je a karɓo katin, gaskiya tana wurin uwa.

Tambayar katin nan ita ta ɓalle ruwa. Alhaji ya fara da cewa makullin ya ɓace. Da Nimatu ta sake tambaya bayan sallar la'asar, a gaban matarsa Hajiya, sai ya ajiye kofin shayi da ƙarfi.

"Wa ya kai ki coci? Kin je kin kwance wa arna sirrin gidana? Kin san in kika rubuta sunan yarinyar nan, Sumani gidan yari za shi? Musulmi ɗan'uwanki, mai jariri a hannu, saboda kuɗi?"

"Alhaji, ni ba kuɗin nake so ba. 'Yata nake so."

"Wa ya ce an sace ta? Tana ci, tana sha, tana makaranta. Ke nan me kike ba ta? Katifar ƙasa? Wa ya biya kuɗin kai gawar mijinki gida? Wa ya ba ki wurin kwana? Kuma ki sani, in gwamnati ta shigo maganar nan, har ke za ta kwasa, don da saninki aka yi."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi shiga jikinta. Daga ranar Hajiya ta daina rage mata tuwo. Aka mai da katifarta lungun da ke kusa da banɗaki. A wurin wani taron suna a titin gaba, mata suka ja jiki suka bar mata tabarma ita kaɗai, ana ta zunɗe, wai ga wadda za ta kai ɗan'uwa ƙara wurin Bature. Shugaban ƙungiyar 'yan garinsu ya kira ta ya yi mata nasiha mai tsawo kan haƙuri da sanin alheri. Ko sau ɗaya bai tambayi yadda yarinyar take ba.

Nimatu ta rame. Ta fara mantuwa. Wata rana ta wuce tasharta har jirgi ya kai ta ƙarshen layi. Wata rana ta bar tukunya a wuta a gidan tsohuwar da take kulawa da ita, saura kaɗan a sallame ta. In ta ji gudun yara a matattakala lokacin tashin makaranta, sai ta fito bakin ƙofa ta tsaya, ta san sarai ba tata a ciki.

Wa'adin haraji na Afrilu ya zo, katin bai fito ba. Elisabet ta cike mata takardar ita kaɗai, ba yaro, ta buɗe mata asusun ajiyar da ɗan abin da ya samu. Sannan ta jawo kujerarta kusa.

"Maman Fatsuma, bar maganar kuɗi yanzu, ana iya gyara wannan daga baya. Ki saurare ni da kyau. A dokarsu, uwa tana rubuta ɗanta ne in ya zauna wurinta fiye da rabin shekara. Mai riƙo kuma sai yaro ya yi shekara cur a gidansa. Kin ga dalilin da ya sa aka ɗauke ta tun farkon Janairu? Ba kwana biyu suke nufi ba. In Yuni ya wuce tana can, ke kin fita. In Disamba ya wuce, ƙaryarsu ta zama gaskiya, har da shaidar makaranta."

Nimatu ta kama gefen tebur da hannu biyu. Elisabet ta ce za ta taimaka a nemo wata takardar haihuwar daga ofishin birni, amma abin yana ɗaukar lokaci, kada a zauna jira. Na ce in wurin kwana ne matsala, ɗakina yana nan, mu uku za mu matsu.

Lahadin da ta biyo Nimatu ta tafi Park Hill da niyyar ɗauko 'yarta. Yaa ta buɗe ƙofa iya tsawon sarƙa, ta ce Sumani ya fita da yara. Ta ce, "Amana Alhaji ya ba mu, shi zai zo ya karɓa da hannunsa." Nimatu ta rantse mini ta ji tarin Fatsuma daga ciki. Ta yi ta bugun ƙofar har wani maƙwabci ya leƙo ya ce zai kira 'yan sanda, ta sauko da gudu. Wata Lahadin ta sake komawa, ba a ma buɗe ba. Waya kuma an daina ɗauka.

Shi ne muka yanke shawarar zuwa makarantar yarinyar. A can babu sarƙa, babu Yaa. Wata Talata a farkon Yuni na rufe kujerar kitsona, ita kuma ta ce wa wurin aiki ba ta da lafiya. A cikin jirgin ruwa ta kasa zama. Ta je gaba, ta dawo baya, ta buɗe ledar da ta zuba wa yarinyar ƙosai da soyayyiyar ayaba, ta ɗaure, ta sake buɗewa. Ta tambaye ni ko rigar da ta sa ta yi kama da ta uwar kirki. Na ce mata ta yi.

A ofishin makarantar wata farar mace mai furfura ta karɓe mu da fara'a. Ni na yi tafinta, don Turancina ya ɗan fi nata. Na ce ga mahaifiyar Fatsuma ta aji biyu, ta zo ɗaukar ta. Matar ta jawo wani kati, ta duba, ta dube mu, fara'ar ta ragu. Ta ce sunaye biyu ne aka yarda su ɗauki yarinyar, na mai riƙonta da na matarsa. Ta ce abin da aka shaida wa makaranta shi ne uban ya rasu, uwar kuma tana Afirka.

"Ga ta nan a gabanki," na ce. "Wace Afirka?"

Matar ta nemi shaida. Katin aikin Nimatu yana ɗauke da sunan mahaifinta, yarinyar kuma da na Inusah, ba abin da ya haɗa su. Matar ba muguwa ba ce, na ga abin ya dame ta. Ta ce bari a kira yarinyar.

Aka shigo da Fatsuma. Ta ƙara tsawo, wuyanta ya yi siriri, an yi mata wani kitso na gaggawa da ya karkace. Tana ganin uwarta ta yi tsalle ɗaya za ta rugo, sai ta tsaya cak kamar an ja ta da igiya. Ta dubi matar ofis, ta dubi wani mai gadi da ke tsaye da kaki a bakin ƙofa, ta sa hannuwanta a baya.

Matar ta durƙusa ta tambaye ta da taushi, "Kin san wannan matar?"

"Antina ce."

"Ina mamanki take?"

"Mamana tana Afirka."

Ta faɗe shi tsaf, ba gargada, kamar karatun da aka biya mata sau ɗari. Ledar ƙosan ta suɓuce daga hannun Nimatu. Ni na buɗe baki zan yi ihu, ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Matar ofis ta miƙe ta ce in akwai jayayya kan yarinyar, dole ta kira hukumar kula da yara, su zo su tafi da ita wani wuri har a gano gaskiya. Ta ce ko ta kira su?

Na fassara. Nimatu ta girgiza kai da sauri. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda iyayenmu mata ke tsoron wannan hukumar. Ta ce, "Ce mata a'a. Ce mata gaisuwa na zo."

Aka ce yarinya ta yi sallama da antinta ta koma aji. Fatsuma ta matso, ta rungume ƙugun uwarta, ta cusa fuska a cikin zaninta. Ina kusa, na ji abin da ta ce. Yarinyar da ba ta taɓa maido da amsa da Hausa ba, ranar da Hausa ta yi raɗa, don kada Baturiya ta ji.

"Mma, na faɗa daidai? Baba Alhaji ya ce in na yi kuskure za su kama ki. Ba za su kama ki ba ko?"

Nimatu ta shafa karkataccen kitson. Ta amsa mata da raɗa.

"Kin faɗa daidai, uwata. Ba wanda zai kama ni. Je ki aji."

Yarinyar ta tafi tana murmushi, ta yi abin kirki, ta ceci uwarta.

Wannan shi ne abin da na kasa yafewa. Kuɗin da suka ci, su da Allah. Amma a ɗauki ƙaunar da yarinya ke yi wa uwarta a ɗaure uwar da ita, a kuma kira abin riƙo, wannan ban san sunan da zan ba shi ba. Riƙon da muka sani a gida, goggo ce ke ɗaukar nauyin yaro a kanta. Ba a taɓa aika mata da cekin kuɗi ba, ba ta kuma taɓa koya wa yaro ya ce uwarsa ba ta nan ba. Mu da muke raba yara a bakin masallaci duk Janairu muna cewa ai takarda ce kawai, kuɗin Bature ne, ba wanda aka cuta, to ga wadda aka cuta, kuma kusan dukkanmu mun san ƙofarta.

Yuni ya wuce, takardar haihuwar ba ta iso ba. A Juma'ar farko ta Yuli, bayan an idar da salla, liman ya yi wa'azi kan falalar kula da maraya. Ya ce ba sai an je nesa neman misali ba, ga Alhaji Kassim da ya rungumi iyalin ƙanensa, har ya samar wa marainiya gidan tarbiyya. Ya ce a ɗaga hannu a yi masa addu'a. Nimatu tana gefena a sahun mata, bayan labule, hannuwanta a kan cinya. Masallaci gaba ɗaya ya amsa da amin.